Idan sikeli ya ƙi motsi: yadda za ka ci gaba da rage ƙiba ba tare da gwiwarka ta yi sanyi ba

Ba kasafai mutum yake ajiye shirin rage ƙiba a makon farko ba. Makon farko daɗi gare shi: ka rage ci, ka fara tattaki, ka hau sikeli ka ga kilo biyu sun tafi, har ka soma lissafin inda za ka kai kafin ƙarshen shekara. Inda ake karaya shi ne wata na biyu ko na uku, lokacin da kake yin duk abin da ka saba yi amma lambar ta ƙi motsi, ko ta sauka yau ta koma gobe. A nan ne zuciya take fara raɗa maka cewa wahalar banza kake sha.

Sau da yawa jikin yana kan aikinsa, awon ne ba a yi daidai ba, kuma an ɗora masa tsammanin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwarin gwiwa yana bin abin da ido ya gani. Wanda ya iya ganin ci gabansa zai jure ko da tafiyar a hankali take, wanda kuwa bai gani ba zai bari ko da yana kan hanya. Shi ya sa gyaran yake farawa daga lissafi da awo, kafin a zo maganar zuciya.

Saurin makon farko yawancinsa ruwa ne

Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka a wata siga da ake kira gilaikojin, kimanin giram 400 zuwa 500 a jikin baligi, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da zarar ka rage ci, musamman abinci mai sitaci da sukari, jiki yana fara cin wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Ga kuma gishiri da ka rage, ga abincin da ke cikin hanji ya ragu. Su ne suke ba ka kilo ɗaya zuwa biyu a kwanakin farko. Sau ɗaya wannan yake faruwa. Duk wanda ya ɗauki makon farko a matsayin ma'aunin sauran makonni ya shirya wa kansa ɓacin rai.

Kitse kuwa lissafinsa daban ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin makamashin da abinci yake bai wa jiki). Idan abin da kake ci ya gaza abin da jikinka yake ƙonawa da kalori 500 a rana, wannan shi ne giɓin da ka samar, kuma a mako ka tara 3,500, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. A wata, kusan kilo biyu. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma mai ƙaramin jiki ko wanda ya riga ya sauke da yawa yakan tsaya a ƙasan wannan iyaka. Saboda haka idan kana ganin kilo ɗaya da rabi ko biyu a wata kana cewa abin ba ya tafiya, to yana tafiya, kuma da saurin da ya dace. Kilo ɗaya da rabi a wata kilo 18 ne a shekara, ko da yake saurin yakan ragu yayin da jiki yake ƙanƙancewa.

Yadda ake hawa sikeli

Nauyin mutum yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin yau da gobe ba tare da kitse ya ƙaru ko ya ragu ba. Abinci mai gishiri da daddare, cin sitaci fiye da yadda aka saba, rashin zuwa bayan gida, ƙarancin barci, doguwar tafiya a zaune, duk suna sa jiki ya riƙe ruwa. Sabon motsa jiki ma haka: tsokar da ta yi tsami bayan atisaye tana tara ruwa na wasu kwanaki yayin da take gyara kanta. Rabin kilon kitsen da ka sauke a mako yana iya ɓacewa tsaf a ƙarƙashin wannan hawa da sauka. Mai yanke hukunci da lambar rana ɗaya kamar manomi ne da yake tone iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro.

Ka riƙa awo da safe, bayan ka fito daga bayan gida, kafin ka ci ko ka sha komai, da tufafi marasa nauyi iri ɗaya. Sikeli ɗaya za ka riƙe, a wuri ɗaya, a kan daɓe mai tauri, domin kafet ko tabarma mai laushi suna sa ya ba da lambar ƙarya. Ka rubuta lambar, ka tafi harkarka. A ƙarshen mako ka haɗa lambobin bakwai ka raba da bakwai. Wannan matsakaicin shi ne za ka kwatanta da na makon da ya wuce.

Ga misali. Mutum ya samu 88.4, 88.9, 88.1, 88.6, 89.2, 88.3 da 88.0 a mako na farko, matsakaici 88.5. A mako na biyu ya samu 88.2, 87.7, 88.5, 87.9, 88.6, 87.6 da 88.2, matsakaici 88.1. Da ranar ƙarshe ta kowane mako kaɗai ya duba, da ya ga 88.0 ta koma 88.2, ya ce ƙaruwa ma ya yi. Alhali ya sauke giram 400, daidai abin da ake nema.

Ga mata akwai ƙarin bayani. A kwanakin da ke gab da jinin al'ada jiki yakan riƙe ruwa, nauyi ya hau, sannan ya sauka bayan jinin ya zo. Don haka ki kwatanta makon nan da irinsa na watan jiya: makon gab da al'ada da makon gab da al'ada, makon bayanta da makon bayanta.

Kada ka ce nauyinka ya tsaya sai matsakaicin ya yi mako uku zuwa huɗu bai motsa ba. Idan kuma ka lura hawa sikeli kullum yana ɓata maka yini, ko yana sa ka ƙin cin abinci don fushi, ka koma sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, ka riƙa duba yadda layin yake tafiya a cikin wata.

Abin da sikeli ba ya gani

Ka nemi tef ɗin awo irin na tela. Ka tsaya a miƙe, ka lalubo ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe da kan ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, wanda yawanci yake ɗan sama da cibiya. Ka saki numfashi kamar yadda ka saba, kada ka tsuke ciki, kada ka matse tef ɗin har ya nutse cikin fata. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce zagayen cikinka ya kasance ƙasa da rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. Wannan awo yana da muhimmanci domin kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya. Wanda ya fara ɗaga ƙarfe yakan ga tumbi yana raguwa alhali sikeli yana tsaye, saboda kitse yana tafiya, tsoka kuma tana riƙe da matsayinta ko tana ɗan ƙaruwa.

Hoto sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya da riga ɗaya, yana nuna abin da madubi yake ɓoyewa, tunda kullum kake kallon madubi. Ramin bel, wandon da a da ba ya rufuwa, benen da kake hawa yanzu ba tare da haki ba, bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi daga gado, awon hawan jini da na suga ga masu yin su: ka rubuta su a littafin da kake rubuta nauyi. Ranar da lambar sikeli ta ba ka haushi, waɗannan ne za ka buɗe.

Ka matso da burin kusa

Mai kilo 110 da yake hangen kilo 75 zai daɗe yana ganin kansa a nesa. Kilo biyar ɗin da ya sauke ba za su burge shi ba, domin saura 30. Amma a wajen lafiya waɗannan biyar ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana inganta hawan jini da sukarin jini da kitsen da ke yawo a jini. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan rigakafin ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, an bi mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa. Rukunin da aka ɗora a kan sauya rayuwa an ba su buri biyu kacal: su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da rukunin da aka bai wa maganin suga mai suna metformin, inda ta ragu da kashi 31. Kashi 7 na kilo 100 kilo bakwai ne kawai.

To ka raba tafiyar zango-zango. Zangon farko kashi 5 cikin 100 a cikin wata uku zuwa shida. Idan ka kai, ka tsaya ka amince cewa ka yi abin a zo a gani, sannan ka sa na gaba.

Idan tsayawar ta gaske ce

Wani lokaci matsakaicin ya yi wata guda cur bai motsa ba, tef ma haka. Wannan yana faruwa ga kusan kowa, galibi a wajen wata na shida, kuma yana da dalilai da aka sani.

Jikin da ya ragu yana buƙatar makamashi kaɗan fiye da da, kimanin kalori 20 zuwa 30 a rana kan kowane kilo da ya tafi. Wanda ya sauke kilo 10 yana ƙona kalori 200 zuwa 300 ƙasa da yadda yake ƙonawa a farko, don haka giɓin 500 da ya fara da shi ya ragu da kusan rabi ko da bai ƙara loma ɗaya ba. Sai kuma yunwa, wadda ta fi wannan ƙarfi. Wani nazari da Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa sha'awar abinci tana ƙaruwa da kusan kalori 100 a rana kan kowane kilo da aka sauke. Masu bincike a Melbon ta Ostireliya kuma sun nuna a 2011 cewa sinadaran jiki masu tayar da yunwa suna nan a sama, masu sa ƙoshi kuma a ƙasa, har shekara guda bayan an rage nauyi. Ma'anar wannan ita ce hannunka zai riƙa ƙara abinci a faranti kaɗan-kaɗan ba da saninka ba. Wannan aikin jiki ne, kuma bai kamata ka ɗauke shi a matsayin rauni a halinka ba. Sanin haka yana sauƙaƙa zargin kai, wanda shi ne babban mai kashe himma.

Matakin farko shi ne ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana bakwai, har da ranakun hutu, a lokacin da kake ci, domin abin da aka bari sai dare mantawa ake yi. Idan da hali ka auna da ƙaramin sikelin kicin ko da cokali da kofi. Ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce a nan. A wani bincike da aka buga a 1992 an auna mutanen da suka ce suna cin ƙasa da kalori 1,200 a rana amma ba sa raguwa, sai aka samu sun rage kusan rabin abin da suke ci a bayanin da suka bayar, sun kuma ƙara kusan rabi a kan motsa jikin da suke yi. Ba da gangan suka yi ba, haka tunanin ɗan Adam yake.

Wuraren da kalori yake ɓuya sanannu ne. Man girki shi ne na farko: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin kuwa 4, kuma babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Cokali uku da aka zuba da ido maimakon ɗaya sun cinye rabin giɓin yini. Sai abin sha: gwangwanin lemo mai mililita 330 yana da sukari kusan giram 35, kalori wajen 140, kuma ba ya ƙosarwa. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse bai bambanta da shi sosai ba. Sai ɗanɗane yayin girki, ragowar abincin yara, da ɗan abin taunawa a gaban talabijin ko waya.

Ranakun hutu su kaɗai suna iya tsayar da komai. Ka riƙe giɓin 500 na kwana biyar, ka tara 2,500. Ka saki jiki kwana biyu, ka wuce buƙatarka da 1,000 kowace rana, 2,000 sun tafi. Abin da ya rage maka 500 ne a mako, ƙasa da giram 100 na kitse, wanda babu sikelin gida da zai nuna shi. Mutum yana jin ya sha wahala kwana biyar, kuma gaskiya ya sha, amma lissafin mako bai ba shi komai ba.

Motsa jiki ma ana yawan ƙara masa kuɗi. Tattaki mai sauri na minti 30 yana ƙona kalori kusan 150 ga mai kilo 80, abin da gwangwanin lemo ɗaya zai mayar. Agogunan hannu da injinan gidan motsa jiki sukan nuna lamba da ta wuce gaskiya, saboda haka kada ka ci abinci a kan lissafinsu. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: mai rage ci yakan rage zirga-zirgar yini ba tare da ya sani ba, ya fi zama, ya fi kishingiɗa. Ƙidayar taku a waya tana tona wannan. Idan a da kana yin taku 8,000 yanzu ka koma 5,000, ka gano inda wani ɓangare na giɓin ya tafi.

Barci kuma kada a raina shi. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Shikago aka wallafa a 2010, mutane sun ci abinci iri ɗaya mai ƙarancin kalori na mako biyu, sau ɗaya da damar barcin awa takwas da rabi, sau ɗaya da awa biyar da rabi. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma a lokacin gajeren barcin kitsen da ya tafi ya ragu da kashi 55 cikin 100, sauran daga tsoka da makamantanta ya fita, kuma sun fi jin yunwa. Ka nemi awa bakwai ko fiye.

Bayan ka gano inda matsalar take, abu ɗaya za ka gyara, kuma kaɗan. Ka cire kalori 100 zuwa 200 a rana, ko ka ƙara taku 2,000, wato tafiyar kusan minti 20. Ka ba shi mako biyu zuwa uku kafin ka sake taɓa wani abu. Idan ka sauya abu biyar lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba, kuma ba za ka iya riƙe su duka ba.

Babban kuskure a wannan gaɓa shi ne mutum ya fusata ya zaftare abincinsa rabi. Kwana huɗu ko biyar zai jure, sannan yunwa ta ci ƙarfinsa ya ci fiye da da, ya ƙara da jin kunya. Saurin raguwa fiye da kima yana cinye tsoka, yana kawo zubewar gashi da jiri, yana kuma ƙara haɗarin tsakuwa a maɗaciya. Mace kada ta sauka ƙasa da kalori 1,200 a rana, namiji kuma 1,500, sai da kulawar likita. Abin da ya fi amfani shi ne a sauya abin da ke cikin farantin: furotin a kowane cin abinci, kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo na nauyin da kake nema a rana, daga ƙwai, kifi, nama marar kitse, wake ko madara, tare da ganye da kayan lambu da za su cika rabin faranti. Furotin yana daɗewa yana riƙe ciki, yana kuma kare tsoka. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ƙara. A haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tare da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki. Tsugunne da miƙewa, turin ƙasa da hannu, da ɗaga wani abu mai nauyi a gida sun isa a fara da su.

Ita kanta himmar

Lambar sikeli ba a hannunka take kai tsaye ba. Abin da ke hannunka shi ne ayyukan yau. Ka zaɓi guda uku da za a iya amsa su da e ko a'a: na yi tattakin minti 30, ban sha abu mai sukari ba, na kwanta kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Ka sa kalanda inda za ka riƙa ganinta, ka ja alama duk ranar da ka cika. Burinka kwana biyar ko shida cikin bakwai. A makon da ruwa ya ɓoye ci gabanka, alamomin nan suna nuna maka cewa ka yi naka.

Kada ka jira sai ka ji sha'awar yi, domin sha'awa zuwa take ta tafi. Ka ɗaura aikin a jikin wani abu da kake yi kullum, ka yanke shawarar tun kafin lokacin ya zo. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gwada wannan dabara ta “idan kaza ya faru, zan yi kaza”, kuma tana aiki fiye da niyya tsura. Idan na gama abincin dare, zan fita tattakin minti 15. Idan aka miƙo min lemo a taro, zan nemi ruwa. Idan yunwa ta taso min da yamma, zan ci ɗan itace ko dafaffen ƙwai. Sabo yana ɗaukar lokaci: wani bincike na Phillippa Lally a Landan ya samu cewa sabon aiki yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. A binciken nan kuma an ga cewa tsallake rana ɗaya bai rushe sabon ba.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Cin abinci ɗaya da ya wuce kima, ko da ya kai ƙarin kalori 1,000, bai wuce giram 130 na kitse ba. Kilo ɗaya da rabi da za ka gani washegari ruwa ne da gishiri da abincin da bai gama narkewa ba, kuma zai tafi cikin kwana biyu ko uku. Ɓarnar tana zuwa ne daga tunanin “tunda na riga na ɓata, bari in ci gaba sai ranar Litinin”. Ka koma tsarinka a cin abinci na gaba. Kada ka ƙi cin abinci don ramuwa, kada ka ninka atisaye don horon kai, domin su ne suke haifar da wani zagayen yunwa da cin wuce kima.

Ka kuma rage wa kanka yaƙi. Abin da ba ya cikin gida ba sai ka yi ta fama da zuciyarka a kansa ba da tsakar dare. Takalmin tattaki a bakin ƙofa, abincin gobe a shirye tun yau, zuba abinci a faranti maimakon ci daga tukunya ko leda. Ka sami mutum ɗaya da za ka riƙa tura wa matsakaicin mako da adadin alamominka, wanda zai tambaye ka ba tare da gori ba. Abokin tattaki ya fi komai, saboda kunyar barin shi yana jira tana fitar da mutum ranar da ba ya so. Idan ka kai zango ka saka wa kanka da wani abu da ba na ci ba, kamar sabuwar riga daidai jikinka na yanzu.

A Amurka akwai wata rajista da masu bincike Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe shi shekara guda ko fiye. Halayen da suka fi yawa a cikinsu babu wani abin mamaki: yawancinsu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, suna motsa jiki kusan awa guda a rana, galibi tattaki, kuma da yawansu sun sha gwadawa suna kasawa kafin wannan karon.

Hotunan “da” da “yanzu” da ke yawo a intanet kuwa, ka yi hattara da su. Ba ka san tsawon lokacin ba, ba ka san ko magani ko tiyata aka yi ba, ba ka kuma ga mutumin bayan shekara biyu ba. Haka shayi da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan narkar da tumbi: da yawansu maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari, ruwa suke fitarwa, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo, kuma suna iya rikita gishirin jini su taɓa zuciya da ƙoda. Lokacin da mutum ya karaya ne ya fi saurin faɗa musu.

Idan ka yi wata uku ko huɗu kana kan giɓi kuma ka gaji, tunanin abinci ya cika maka kai, barci ya lalace, fushi ya yi yawa, ka ɗauki hutu na mako ɗaya zuwa biyu da gangan. Ka ƙara kalori 300 zuwa 500 a rana daga abinci na kirki, daidai abin da zai riƙe nauyinka, ka ci gaba da awo da motsa jiki. Sikeli zai ɗan hau da rabin kilo ko ɗaya saboda gilaikojin da ruwansa sun dawo. Ka sa ranar komawa tun kafin ka fara hutun. Riƙe nauyi a wuri ɗaya fasaha ce da za ka buƙata bayan ka kai inda kake so, don haka lokacin bai tafi a banza ba.

Lokacin ganin likita

Idan ka yi rubutun abinci da gaskiya, ka gyara abin da ya kamata, aka yi mako shida zuwa takwas babu motsi a sikeli ko a tef, ka je a duba ka. Raunin aikin ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro yana rage ƙona makamashi, yana zuwa da kasala, jin sanyi, bushewar fata da taurin bayan gida, kuma gwajin jini ne yake gano shi. Ga mata akwai cutar PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke shafar ƙwan haihuwa, mai rikita al'ada da fitar da gashi a fuska. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci ma suna da alaƙa da ƙiba, kuma ana maganinsu. Wasu magunguna suna ƙara nauyi: insulin, magungunan sitiroyid irin su prednisolone, da wasu na damuwa, taɓin hankali da farfaɗiya. Kada ka daina shan ko ɗaya da kanka. Ka kai wa likita jerinsu ya duba ko akwai madadi.

Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya sanar da likitansa cewa yana rage nauyi, domin adadin maganin yakan buƙaci ragi, in ba haka ba suga ko jini na iya faɗuwa ƙasa da kima. Mai juna biyu ba ta shiga shirin rage ƙiba, mai shayarwa kuma sai da shawara. Wanda ya ga yana haddasa wa kansa amai, ko yana kwana da yunwa da gangan, ko yana cin abinci mai yawa a ɓoye ba ya iya tsayawa, ya ajiye lissafin kalori ya nemi taimakon likita. Ga masu ƙiba mai yawa kuma akwai magunguna da tiyata da likitoci suke bayarwa bayan bincike, kuma littafin da ka rubuta nauyi, awon ciki da abincinka a ciki shi ne abu na farko da zai taimaka wa likitan ya san wanne ya dace da kai.